Amsa: Shin ya dace gwamnati ta sa wa masu gidajen haya linzami a tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙayyade kuɗin haya ba danne haƙƙin mai gida ba ne. A ganina ya dace, amma shi kaɗai ba zai wadatar ba.

Tsibiri ba shi da wurin faɗaɗawa, teku ta kewaye shi. Mutanen Kanari kimanin miliyan 2.2 ne, amma baƙi 'yan yawon buɗe ido sun haura miliyan 13 a 2023. Mai gida ya ga abin da zai samu a Airbnb, manhajar bai wa baƙi hayar gida na 'yan kwanaki, cikin mako ɗaya ya kusa kuɗin hayar wata, sai ya sallami ɗan gari. Ma'aikacin otal da ke yi wa baƙin hidima shi ne ke rasa wurin kwana, wasu har a mota suke kwana. Abin da ya fito da dubban mutane kan tituna ke nan ranar 20 ga Afrilun 2024.

Dokar gidaje ta Sifaniya ta 2023 ta ba yankuna damar ƙayyade haya inda matsin ya yi tsanani. Sai dai idan aka bar ƙofar hayar baƙi a buɗe, masu gida can za su karkata. Shi ya sa na fi gamsuwa da matakin birnin Palma na tsibirin Mayorka, shi ma a Sifaniya, wanda ya hana bai wa 'yan yawon buɗe ido hayar filat tun 2018.

Kuma a bambanta tsohuwa mai gida ɗaya da kamfani mai gidaje ɗari. Hana baƙi irin su 'yan Jamus ko Faransa sayen gida kuwa da wuya, dokokin Tarayyar Turai sun ɗaure hannun hukuma. Haraji mai nauyi kan gidajen da aka rufe ba kowa, da gina gidajen gwamnati, su ne a hannunta.