Jirgi, Fito Da Sammako: Amsoshin Wannan Mako

Malam, yarana sun ce "jirgi" na sama ne, na kogi kuwa kwalekwale ake cewa. Haka ne? (wani uba daga Kano)

Malam, ka zaunar da yaran nan ka gyara musu. Jirgi na ruwa ne tun asali. Sai da dogo ya iso Kano a 1911 Bahaushe ya ce "jirgin ƙasa", da na sama ya sauka a Kanon a 1925 ya ce "jirgin sama". Baƙin nan biyu su suka sa mai gida neman laƙabi, ya koma "jirgin ruwa". Haka tuƙi: kafin direba ya riƙe sitiyari, matuƙi mai filafili ne. Kwalekwale kuwa ƙaramin jirgi ne, irin wanda ake fafewa daga gungumen itace.

Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin a bakin kogin Neja na tashi, wajen Yawuri, kuma har gobe ba abin da nake so irin fita ruwa bayan sallar asuba. Ka iske jirgi ya kwana da ruwa a ciki, ka sa ƙoƙo ka kwalfe. Kusa da gaɓa da sanda ake tokarawa, sai ta daina taɓa ƙasa a ɗauki filafili. Hazo na kwance a kan kogi, Sarkawa na duba tarun da suka kafa tun jiya, kowa na magana ƙasa-ƙasa. Mutanen nan suna da suna ga kowane abu: taru daban, koma daban, fatsa daban, ga homa da gora da ake faɗawa kogin Matan Fada da su a bikin Argungu, wanda aka soma a 1934. Amma ka kunna rediyo, mai labarai ya tattara su duka ya ce "raga". Wanda zai yi wa jama'a magana, ya kamata ya tambayi masu sana'a tukuna.

Me ake nufi da "kifi na ganinka mai jar koma"?

Ana lura da take-takenka, kai ne ka ɗauka ba a gani.

Baba, ina alaƙar "kuɗin fito" na kwastan da ruwa? (wata ɗaliba daga Maraɗi)

'Yata, fito shi ne tsallakar da mutum da kayansa a jirgi daga wannan gaɓa zuwa waccan, abin da ka biya mai jirgi shi ne kuɗin fito. Da aka zo ana biyan haraji kafin kaya su ƙetare iyaka, sai sunan ya bi su.

"Iya ruwa fid da kai", yabo ne ko gargaɗi?

Gargaɗi ne. Ina jin matasa suna faɗinta kamar kirarin gwani, alhali cewa take gwanintarka ba ta tabbata ba sai ka fito da ranka. Masu cika jirgi maƙil ranar kasuwa, ba rigar kariya ko ɗaya, da su take.

Sammako da asubanci ɗaya ne?

Sun yi kusa. Asubanci ya ɗauru da asuba, sammako kuwa fita da wuri ne don tafiya ko aiki, shi ya sa ake cewa in ka yi sammako wani a tafe ya kwana.