Amsa ga 'yar'uwar da ke neman sanarwar rasuwar kakanta a Libaful

'Yar'uwa, ciwonmu ɗaya. Kin ce kakanki ya bar Kumasi ya kama aikin jirgin ruwa, ya rasu a Libaful, kina neman jaridar da ta buga rasuwarsa. Ni nawa kakan korar baƙi da gwamnatin Busia ta Ghana ta yi a 1969 ce ta kwashe shi daga unguwar Aboabo ta Kumasi zuwa Najeriya, can Allah ya karɓi abinsa, har yau ba wanda zai nuna mana kabarinsa.

Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa: kada ki fara da jarida. Mu ai ba mu saba buga rasuwa ba. A yi wanka, a yi sallah, kafin la'asar an kai mutum makwancinsa. Sanarwa a jaridar Turawa kuwa kuɗi ake biya, to baƙo ma'aikacin jirgi wa zai biya masa? Takardar shaidar mutuwa za ki nema. Ingila na rajistar mace-mace tun 1837, kuma akwai shafin FreeBMD, kyauta ake duba sunaye. In kin gan shi, sai ki sayi takardar daga ofishin rajistarsu, GRO, ta intanet. A ciki akwai rana, da wurin da ya rasu, da sanadi, da sunan wanda ya kai rahoto. Wannan na ƙarshen shi ne zinariya, don wata sa'a matar da ya aura can ce. Da ranar a hannunki sai ki shiga British Newspaper Archive, shafin tsofaffin jaridun Birtaniya, ki duba jaridar Liverpool Echo. Biya ake yi, amma in hatsari ne a tashar jirgi, sau da yawa sukan buga zaman bincike. Sunan kuma ki juya shi ta kowace fuska, Mahama, Seidu, Issaka, don yadda kunnen Bature ya ji haka yake rubutawa.

Amma kafin duk wannan, don Allah ki je gida ki rungume akwatin tsofaffi. Kakanmu ya bar wata adaka ta ƙarfe a ɗakin kakarmu, cike da wasiƙun ajami da ya riƙa aikowa ta hannun fataken goro, da rasit, da hotonsa ɗaya tak. Bayan rasuwar tsohuwa baffanmu ya sayar da gidan, bai shawarci kowa ba. Ranar da na je, adakar tana ƙofar gida a buɗe, mai ƙosai ta layin tana yagar takardun tana naɗe wa yara. Na karɓi guda a hannun wani yaro, mai ya jiƙe ta sharkaf, layi biyu kawai ake iya karantawa, gaisuwa ce ga mahaifiyata da sunanta na yarinta. A bakin kwata na tsuguna ina kuka, mutane na wucewa. Da na yi wa baffa magana cewa ya yi, “Tarkacen matattu me zai ƙara miki?” Mutumin da ya ci kuɗin gida shi kaɗai! Hoton ma ya ce bai san inda ya shiga ba. Muna gaisawa a wurin suna da biki, amma Allah ya isa.

Af, nan gida Ghana ma ki gwada. Ɗakin karatu na Balme a Jami'ar Ghana da ke Legon suna da tsofaffin jaridu. Daily Graphic ta fara fita 1950, Ashanti Pioneer ta Kumasi kuwa tun 1939. In kakanki ya bar gida ko fili, ki leƙa ofishin PRAAD na Kumasi, wato ma'ajiyar tsofaffin takardun gwamnati, rigimar gado takan kai sunan mutum takardar kotu ko da jarida ba ta san da shi ba. Masu nema a Najeriya irina, Gaskiya Ta Fi Kwabo da Arewa House a Kaduna ne wurin zuwa, sai dai ni ban ga namu ba.

Kuma duk wata gwaggo da ta haura tamanin, ki kai mata goro ki kunna rikoda a waya. Su ba sa riƙe shekara, za ta ce miki “shekarar da aka hamɓarar da Nkrumah”, ke kuma ki rubuta 1966. Ki tambaye ta ko ta taɓa jin sunan jirgin, ko na kamfanin Elder Dempster ne, ko daga Takoradi ya tashi. In kin samo shekarar ki faɗa mana nan, akwai 'yan Zango a Ingila da za su taimaka. Allah ya jiƙan magabatanmu.