Amsa: Sabunta fentin tsohon mutum-mutumin Big Boy

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka sayi tsohon mutum-mutumin Big Boy, irin wanda kake gani a ƙofar gidan abinci a bakin titi lokacin kana yaro a Michigan, fentinsa ya koɗe yana ɓarewa, kuma kana so ka dawo da shi yadda ka san shi.

Kafin ka ɗora samfefa a kansa, ɗauke shi hoto ta kowane ɓangare, musamman fuska, da awon tef a jikin hoton. Abin da ke ɓata irin wannan aiki galibi ba kala ba ce, ido ne da gira. Ka kauce da rabin inci, yaron da ka sani ya zama wani daban. Ka kuma tabbatar da wanne ne a hannunka. Na gidan Bob Wian, mutumin da ya fara wannan gidan abinci a Glendale ta California a 1936, wandonsa mai igiyar kafaɗa gida-gida ne ja da fari, da tunkun gashi a goshi. Na gidajen abincin Frisch's na Cincinnati kuwa a da wandonsa mai ratsi ne. Idan fentin asali ne kuma bai lalace sosai ba, ina ganin a wanke shi a bar shi ya fi, don masu tara tsofaffin kaya sun fi daraja shi a haka.

In dai sai an sabunta, fara da gwajin dalma. Sai a 1978 Amurka ta hana fentin gida mai dalma, kuma kayan da ake ajiyewa a waje irin wannan sukan zo da ita. In gwajin ya nuna akwai, goge shi da samfefar ruwa, kada ƙura ta tashi, kada yara su zo wurin.

Jikinsa faiba ne, wato zaren gilashi da aka daskarar da ruwan roba, saboda haka kada ka zuba masa maganin cire fenti mai ƙarfi irin na ƙarfe, zai tausasa fatar faibar kanta. Wanke da sabulu, goge da maganin cire maiƙo, sannan samfefa mai lamba 80 inda fenti ya yi kauri, 180 ko'ina, ka ƙarasa da 320. Da hannu a fuska da yatsu, inji yana cinye siffa. Ƙananan tsagu masu kama da yanar gizo, kada ka rufe su da fenti kawai, za su sake fitowa. Buɗe kowace tsaga kaɗan, ka cika ta da fila, wato kwaɓin cike rami, mai zaren faiba. Rami babba kuma sai da ƙyallen faiba da ruwansa, da hadna, wato maganin da ke sa shi ƙarfi, kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Ya wuce haka, zai yi zafi ya tsage. Duba ƙasansa akwai hujin da ruwa zai fita, don ruwan da ya kwanta ciki yana ƙanƙarewa da hunturu ya fasa shi.

Fentin shimfiɗa na epoxy hannu biyu, sannan fentin mota. Kada ka haɗa iri biyu: in ka fesa fenti mai tina (ruwan tsinka fenti) mai zafi a kan fentin mai, nan take zai yamutse.

Wandon nan shi ne aikin. Fesa fari gaba ɗaya, ya kwana ya bushe. Tumbinsa zagaye ne, gidajen ba za su fito daidai da juna ba, kada ka tilasta musu. Ja layi ɗaya a tsakiya daga ƙirji zuwa ƙasa, ka riƙa fita hagu da dama da siririn tef na roba mai lanƙwasuwa, gidajen da suka matse su ɓuya a gefe da tsakanin ƙafafu. Tef ɗin takarda ba ya bin lanƙwasa, ja zai zurara ƙarƙashinsa. Bayan ka liƙa, sake fesa fari kaɗan a bakin tef ɗin ya toshe kafar, sannan ja hannu biyu marasa kauri. Cire tef tun jan bai gama ƙarfi ba, in ya bushe ƙarau zai ɗago baki. Sayi ja mai kyau ko da tsada, shi rana ta fi saurin ci.

Fuska a ƙarshe, da ƙaramin buroshi, hoton yana gabanka.

Sai kiliya, wato fentin ƙyalli marar kala da ake rufewa da shi, mai hadna hannu biyu ko uku, minti 10 zuwa 15 tsakani. Tururinta guba ne ga huhu, takunkumin takarda ba ya tare shi, in ba ka da na masu feshi kai wa mai fentin mota ya fesa maka. Yi aikin ranar da zafi ke tsakanin digiri 18 da 27 na ma'aunin Celsius ba laima, kuma ka ba shi wata guda kafin ka shafa masa man ƙyalli.