Amsa: Kwana a tanti a bakin ruwan Tiga

Malam, ka tambaya ko akwai wurin da kai da abokanka za ku kafa tanti ku kwana biyu a bakin Dam ɗin Tiga. Wuri kam akwai shi, ruwan da aka tare tun 1974 faɗi gare shi, amma kada ku sa ran fili mai shinge da banɗaki da mai karɓar kuɗi. Gaɓar gonakin mutane ce da mashayar dabbobi.

Da kun sauka daga hanyar Kano zuwa Zariya kun shiga ƙasar Bebeji, ku fara da gidan mai unguwa, ku gaishe shi, ku faɗi abin da ya kawo ku. Shi zai haɗa ku da masunta su nuna muku tudun da ruwa ba ya kaiwa, kuma zai gaya muku gaskiyar halin tsaro a makon. Idan ya ce kada ku kwana, don Allah ku wuni kawai ku juyo. Ɓangaren dajin Falgore kuwa ban yarda ku nufa da dare ba.

Ku je tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Sanyin asuba a bakin ruwa yana ratsa ƙashi, sai da bargo mai kauri, ga kuma gidan sauro da ruwan sha daga gida. Ban da wanka a gefen da ciyawa take, nan ake kwasar tsargiya. Kwalekwalen da aka cika maƙil ma ku ƙyale shi ya wuce.

Da hantsi masunta ke fitowa da karfasa da tarwaɗa suna motsi a kwando. Ku saya nan take, ku tafi da gawayi da yajinku.