Na kasa kaiwa ƙololuwar Kilimanjaro, in sake komawa?

Tambaya: Bara na je Tanzaniya hawan Dutsen Kilimanjaro, na bi hanyar Marangu ta kwana 5. A daren hawa ƙololuwa, mun bar masaukin Kibo ke nan sai ciwon kai da amai suka taso mini, jagora ya ce mu juya. Ni kuwa kullum ina fita gudu don motsa jiki. Ina matsalar take, kuma in koma?

Amsa: Koma, Malam, amma ka ƙara kwanaki. Abin da ya same ka ciwon hawa tsauni ne, ba ruwansa da ƙarfin jiki. Masu ji da ƙarfi ma sukan faɗa masa, don ba sa jin "pole pole" ɗin da jagorori ke ta nanatawa, wato sannu a hankali.

Uhuru, wato ƙololuwar Kilimanjaro, tana kan mita 5,895. A can, iskar oksijin da kake samu a kowane numfashi kusan rabin ta bakin teku ce. Jiki yana sabawa, sai dai ba a yi masa gaggawa. Tsarin da ka bi ya ɗauko ka daga ƙofar Marangu, ƙasa da mita 2,000, ya dire ka Kibo, wajen mita 4,700, a kwana 3, sannan aka tashe ka tsakar dare. Ina jiki zai saba?

Wannan karon ka nemi hanyar Machame ta kwana 7 ko hanyar Lemosho ta kwana 8. Kuɗinsu ya fi yawa, amma ni a ganina gara hakan da asarar tafiya sukutum. A hanyoyin nan akwai ranar da za ka hau Lava Tower, wajen mita 4,600, ka ci abincin rana, ka gangaro Barranco, kusan mita 3,900, ka kwana. Wannan hawa da saukar ne ke horar da jiki.

Jagoranka ya yi maka gata. In mutum ya fara tangaɗi, ko ruɗewa, ko haki yana zaune, ko tari mai kumfa, maganinsa sauka nan take, ko da ƙololuwar na gabansa.

Kafin ka sayi tikiti, ka ga likita kan ƙwayar Diamox. Tana taimaka wa jiki ya saba da tsayi, amma tana sa yawan fitsari da jin kamar ana tsira maka allura a yatsu. Ka kuma yi gwajin jini na sikila. Mai AS da bai taɓa ciwo ba a Kano ko Zinder yana iya samun matsalar saifa a irin wannan tsayin.