Injin da ke ƙara da yawa yunwa yake ji

Ɗana, jiya muna ɗaure kaya a bayan mota ka tambaye ni abin da ya sa na fizge sukudireba daga hannunka, alhali tsohon injin yankan itacen nan da ke mutuwa da ya ɗau zafi sukuru ɗaya tak ka murɗa masa, ya kuwa tashi yana ƙara kamar yau aka ɓare shi daga kwali. Ka ce, "Oga, ai na ga kamar ya warke." Ban tanka maka ba, domin magariba ta kawo jiki, raina kuma a ɓace yake. To, zauna ka ji.

Bai warke ba. Abinci ka rage masa.

Injin yankan itace ba shi da wurin zuba baƙin mai a cikinsa irin na mota. Ɗan'uwan ƙaramin janareton nan ne mai hayaƙi, wanda ake haɗa masa mai da fetur. Duk maiƙon da fistin zai samu, a cikin fetur yake shigowa, kuma fetur ɗin da kansa yana sanyaya cikin inji. Sukurun da ka taɓa a jikin kafireta, wadda ke haɗa iska da mai, mai alamar H, shi ke auna man da ke shiga idan an danne wuta. Da ka ɗaure shi ciki, iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, sai inji ya ɗaga murya, gudunsa ya ƙaru, kunnen wanda bai sani ba ya ji daɗi. A daidai lokacin nan fistin yana gogar silinda a bushe, zafi yana hawa. Minti kaɗan a cikin gungumen ƙirya sun isa ya kama.

Ka koyi muryarsa. Inji ƙosasshe, idan ka danne wuta bai taɓa itace ba, za ka ji muryar tana ɗan gargada, kamar mai kaki a maƙogwaro. Da haƙora sun shiga itace sai ta washe. Wanda kuwa tun a sarari yake tsala ihu siriri kamar busar algaita, kashe shi nan take.

Ni ba a littafi na karanta ba. Ina da shekarunka na kashe wa maigidana Stihl 070, babban nan na Jamus mai cc 106 da ya fi kilo 10 tun ba a ɗaura masa dogon ƙarfensa ba, wanda har yau masu tsaga katako ba su da kamarsa. Irin abin da ka yi na yi, sai dai ni babu wanda ya riƙe min hannu. Ina tsakiyar yanka ya yi tsit, na ja igiya ta ƙi motsi. Maigida bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Cire salansa ya yi, ya ce in leƙa ta ramin. Na ga gefen fistin ya yi zane-zane daga sama har ƙasa kamar an ja shi a kan tsakuwa, ringi ya manne a cikin narkakken ƙarfe. Wata biyu ina faskare da gatari kafin ya sake bari na taɓa inji.

Sukuran nan uku ne. L na ƙaramar wuta, H na babba, sai na ukun da ke riƙe inji kada ya mutu idan an saki wuta, Stihl suna rubuta masa LA, Husqvarna kuma T. Yawancin tsofaffin injinan nan, idan ka ɗaure L da H a hankali har suka zauna, ka dawo da su baya kamar zagaye ɗaya, inji zai tashi, daga nan ake lallaɓawa. A hankali na ce, don bakinsu allura ce, ka matse da ƙarfi ka ɓata mazauninta har abada. Amma abin da nake so ya zauna maka shi ne, sukuru ba ya murɗa kansa. Injin da ya shekara yana aiki lafiya a kan saiti ɗaya, ranar da ya canza hali wani abu ne ya lalace a wani wuri. Kafireta ita ce ƙarshen abin da ake taɓawa.

Fara da sarƙa. Rabin injinan da ake kawo min a ce ba su da ƙarfi, lafiyarsu lau, haƙora ne suka dakushe. Duba abin da inji ke zubarwa a ƙafarka. Sarƙa mai kaifi tsaki take zubarwa, manya-manya, kuma ita ke jan kanta cikin itace, kai riƙewa kawai kake yi. Idan ka ga gari mai laushi kamar na tuwo yana tashi yana shiga hanci, ka kuma ji kana dannawa da ƙirji, tsaya. Dannawar nan ce ke dafa inji, ta ƙone kuloci, ta cinye ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kai. Mu masu itacen girki mun fi masu katako shan wannan wahala, domin namu busasshe ne, ya daɗe kwance a ƙasa, gara ta yi masa gini a jiki, iskar hunturu ta cusa masa yashi a ɓawo. Taɓa ƙasa sau ɗaya ya isa ya kashe kaifin da ka ɓata rabin awa kana nema. Shi ya sa nake sa ka kankare gunguma da adda tukuna, ka yanka kashi biyu cikin uku, ka mirgina shi, sannan ka ƙarasa ta ɗaya gefen.

Wajen wasawa kuma na lura da hannunka. Haƙoran ɓangare ɗaya kana ba su huɗu-huɗu, ɗaya ɓangaren da bai yi maka daidai da hannu ba kana ba su bibbiyu, shi ya sa yankanka ke karkacewa kamar hanyar maciji. Magagari zagayayye mai milimita 5.5 shi ne na sarƙar 070. Ka kwantar da shi a karkace kamar digiri 30, ka tura gaba kawai, kada ka goga da baya, kowane haƙori adadinsa ɗaya da ɗan'uwansa. Ɗan tudun nan da ke gaban kowane haƙori shi ke hana shi cizo fiye da kima. A sarƙar 070, ya kamata ya gaza haƙorin tsawo da kamar milimita 0.8. Wasu don gaggawa suna share shi gaba ɗaya, inji ya riƙa fizga yana tutsu. Tsohon 070 kuwa ba shi da birkin sarƙa irin na injinan yanzu, idan saman hancin ƙarfen ya taɓi wani reshe, fuskarka zai nufa kafin ka ƙifta ido. Kada in ƙara ganin kanka a saitin yanka.

Sai mai. Littafin tsofaffin injinan nan cewa ya yi, in man kamfani ne mai kyau, kashi 1 cikin 50, wato mililita 100 a lita 5 ta fetur. In kuwa man tu-ti ne na kasuwa, wato man da ake haɗa wa fetur na irin waɗannan injina, 1 cikin 25, ninki biyu ke nan. Ka auna, ban da zubin ido. Kuma kada ka ɗauka ƙara mai zai rufe ɓarnar sukuru, fulogi kawai zai yi baƙi, salansa ta toshe. Fetur ɗin 'yan bumburutu ka shinshina shi kafin ka biya, an sha haɗa mana da kananzir. Wanda ya kwana watanni a tanki zubar da shi, shi ke busar da 'yar robar nan ta cikin kafireta ta koma kamar busasshen ganye, ta kasa harba mai. Baƙin man da aka juye daga mota kuwa, na san kowa shi yake zuba wa sarƙa saboda araha, ni dai ba na so, gurɓataccen ƙarfen da ke cikinsa yana cin famfon mai.

Akwai wani tarko da ƙurar hunturu ke ɗana wa yara irinka. Matatar iska ta toshe, inji ya shaƙe yana hayaƙi, yaro ya ɗaure H ya ji ya daidaita. Bayan kwana biyu wani ya wanke matatar, iska ta shigo a yalwace a kan ɗan man da aka rage. Ka ga an kashe inji da tsafta.

Yanzu shi wannan namu da ke mutuwa in ya yi zafi. Gobe da ya mutu, kada ka jira ya huce. Buɗe murfin tanki ka kasa kunne: in ka ji ya ja iska fus, ya kuma tashi bayan nan, ramin numfashin tankin ne ya toshe, aikin minti biyar. In ba haka ba, cire fulogi da zafinsa, ka jingina shi da jikin inji ka ja igiya a inuwa. Wuta shuɗiya muke nema. In babu, sai bayan ya huce ta dawo, koyil ne ya gaji. Ratar bakin fulogi rabin milimita ce, ka duba ta tunda ka cire. Ka kuma buɗe murfin gefe ka ga haƙarƙarin silinda, na tabbata garin itace da mai sun yi masa laka, ta ina iska za ta sanyaya shi?

Ni dai zuciyata ta fi kwanta mini a kan yana shan iska ta ɓarauniyar hanya. Tun shekaranjiya na ji idan an saki wuta ba ya sauka da wuri, sarƙa tana ci gaba da tafiya. Ko tiyon mai ya tsage, ko robar da ke toshe bakin karanshaf ta mutu. Gwajin ba wuya: a bar shi yana aiki a ƙaramar wuta, a kwantar da shi ta dama, a juya ta hagu. In muryar ta canza ko ya mutu, robar ce. In ta tabbata, za ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ka nemo, ka tafi da tsohuwar a aljihu don gwadawa, domin na kwaikwayo sun cika kasuwa, wasu ba sa kai wata guda.

Ka zo da sassafe, kafin mai motar marken nan ya iso. Ka taho da sifana da tsumma mai tsabta, ka kuma ci abinci, don salansa za mu fara cirewa, kai ne kuma za ka leƙa.