Amsa ga uwar da 'yarta ke tsoron zuwa makaranta

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba ta lafiya. Kin ce 'yarki mai shekara 13 kullum da safe sai ciwon ciki da kuka ta ƙi makaranta, likita bai ga komai ba, kina tambaya ko ke kika jawo mata.

Ba ke kika jawo ba. Wannan ya yi kama da fargaba, wato tsoro mai yawa. Fargaba akwai gado a cikinta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, fargaba na cikin na gaba-gaba. Sai dai gida na iya ciyar da fargabar ba da sani ba, ita ma tana birkita gida.

Na ga haka a kan ɗan yayata da na riƙa. Kowa lallaɓa shi yake: in ya ce ba zai je ba a ƙyale shi, in baƙo ya yi masa magana wani ya amsa a madadinsa, "ba abin da zai same ni ko?" ya yi ta maimaitawa ana ba shi tabbaci. A take hankalinsa ya kwanta, amma darasin da ya ɗauka shi ne lallai akwai haɗari, kuma ba zai iya shi kaɗai ba. Washegari tsoron ya ƙaru. Mu manya barci ya gagare mu, maigida ya ce shagwaɓa ce, ni na ce ciwo ne, yaron yana jin gardamarmu, gabansa na ƙara faɗuwa.

Wani bincike na Eli Lebowitz a Jami'ar Yale ta Amurka, da ya fito a 2020, ya nuna koya wa iyaye kaɗai rage wannan lallaɓawar ya taimaki yara kamar yadda zaman ƙwararru da yaran kansu ya yi.

Da farko ki bincika ko ana tsangwamarta a makaranta. Sannan ke da babanta ku haɗa baki. Ki ce mata, "Na san tsoron nan gaskiya ne, kuma na san za ki iya." Ta fara da rabin yini, kina ƙarawa a hankali, ba tsawa, ba gori. Kwanakin farko kukan zai yi yawa, ki daure.

In ta daina barci ko cin abinci, ko ta ambaci mutuwa, ki kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jinkiri ba.